Malamina ya ce aikina tsince-tsince ne, ni kuma barci ya ƙaurace mini

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Kundina bita ce mai tsari, wato tattara binciken da aka riga aka wallafa a tace shi bisa ƙa'ida, a kan yawan masu fama da ciwon firgita na bayan bala'i, wanda likitoci ke kira PTSD, a tsakanin 'yan gudun hijirar yankin Tafkin Chadi. Ni na zaɓi batun da kaina, domin mu ma da ƙafa muka baro garinmu a 2014, ina 'yar sakandare. Wata 4 ke nan ina neman maƙalu. In na rubuta "trauma" da "Nigeria" a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, sai dubbai su fito, yawancinsu na karaya da haɗarin mota. In na ƙara kalmomi sai su dawo 'yan ƙalilan. Da na gaji sai na koma Google Scholar ina ɗaukar duk wadda ta yi mini, har na tara 43. Ranar da na gabatar a taron sashe, malamin da ke duba aikina ya tambaye ni a gaban kowa: wace rana kika yi binciken, da waɗanne kalmomi, guda nawa suka fito? Na kasa amsa. Ya ce wannan tsince-tsince ne, in sake daga farko. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Wani abokin karatunmu ya ce akwai mai haɗa wa mutum komai, har da zanen PRISMA mai nuna yadda aka tace maƙalu, in an biya shi. Maigidana kuma ya ce in sauya batu, don tun da na fara karanta labaran matan sansani nake zabura cikin dare, ina yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Saura wata 5 a rufe karɓar kundi. Anti, kaina ne ba ya ja, ko batun ne ya fi ƙarfina?

Wata ƙanwarki daga Arewa maso Gabas

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yaye miki, ya jiƙan waɗanda aka rasa a wannan fitina. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ki samu ki numfasa: kanki lafiyarsa lau. Wadda ta lura da cewa maƙalun da ke fito mata na masu karaya ne, ta kuma gane cewa ƙarin kalmomi na korar waɗanda take nema, ta riga ta hango matsalar, sunanta kawai ba a gaya mata ba. Neman maƙalu don bita mai tsari sana'a ce da ake koyo a zaune, kamar saƙa, kuma daga wasiƙarki na fahimci babu wanda ya zaunar da ke ya koya miki. Abubuwa biyu ne suka cuɗe miki, rashin wannan koyarwa da kuma tsohon mikin da karatun ya fama. Za ki ga cewa maganin na farko yana rage zafin na biyu fiye da yadda kike zato.

Malaminki ya ɓata miki rai, kuma ina ganin da a ofis ya kira ki ya faɗi maganar da ya fi kyau. Tambayar ɗalibi a gaban jama'a abin da ba a koya masa ba, ba adalci ba ne, ko da tambayar daidai ce. To amma tambayoyin nan uku nasa su ne ainihin waɗanda kowace mujalla za ta yi miki. Ƙa'idar PRISMA ta rubuta rahoton bita mai tsari, wadda aka sabunta a bugun da ake kira na 2020, ta nemi a rubuta kowane rumbun da aka bincika, ranar da aka bincika, da cikakkun kalmomin da aka sa. A 2021 ma an fitar da wani ƙari mai suna PRISMA-S, mai sharuɗɗa 16, a kan yadda ake ba da rahoton neman maƙalun kaɗai. Dalilin wannan tsanani ya shafe ki kai tsaye. Idan mutum na ɗaukar abin da ya burge shi, hannunsa na kaiwa ga maƙalun da ake saukewa kyauta, da masu take mai girgiza zuciya, da masu adadi mai yawa. Alƙaluman da za su fito daga irin wannan tari za su karkata gefe guda ba tare da mai aikin ya sani ba. Gobe wani mai tsara asibitocin sansani zai iya ɗaukar adadin da kika rubuta ya yi lissafin ma'aikata da shi, kuma mutanen da lissafin zai shafa naki ne.

Maƙalunki 43 ba su tafi a banza ba, kada ki share ko ɗaya. Ki zauna ki ware 10 zuwa 15 daga ciki waɗanda kika tabbata sun dace da tambayarki: an yi su a yankin, a kan mutanen da aka raba da gidajensu, an kuma auna PTSD da ma'auni sananne. Waɗannan su ne mudunki. Duk tsarin neman da kika gina, da su za ki gwada shi.

Yanzu ga kalmar da ta wahalshe ki. A Turancin asibiti, "trauma" sunan rauni ne na jiki kafin ya zama na zuciya. PubMed, wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ke gudanarwa, ba ya ɗaukar kalmarki yadda kika rubuta ta. Yana fassara ta zuwa nasa kanun a ɓoye, kuma wannan kalma yana haɗa ta da kanun raunuka da jikkata. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi da ke cikin irin halinki, muka shiga shafin Advanced, muka buɗe bayanin da ke ƙarƙashin tarihin bincikensa. Kalma biyu ya rubuta, sai ga layuka sun cika allon, cike da kalmomin da bai taɓa sa wa a ransa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe shi da na'urar ba yare ɗaya suke yi ba. Ki yi wannan yau da kanki. Minti biyar zai ɗauke ki, kuma daga nan za ki daina zargin ƙwaƙwalwarki.

Abu na biyu da yake yi a ɓoye shi ne sa AND tsakanin kalmomin da kika jera. Shi ya sa da kika ƙara kalmomi maƙalun suka tsere: kin buƙaci kowace maƙala ta ƙunshi dukkansu a lokaci guda. Gyaran shi ne ki kasa tambayarki kashi uku, kamar mai kasa tumatir a kasuwa: ciwon, mutanen, da wurin. A cikin kowane kashi ki haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya da OR, wanda ke faɗaɗa komarki. Sai kin gama gina kowane kashi shi kaɗai, kin ga adadinsa, sannan ki ɗaure ukun da AND.

Kashin ciwo shi ya fi buƙatar haƙuri. PubMed na da ƙamus nasa na kanun batutuwa da ake kira MeSH, kuma kanun da kike so shi ne "Stress Disorders, Post-Traumatic". Akwai uwarsa a samansa, "Stress Disorders, Traumatic", wadda in kika ɗauke ta za ta jawo 'ya'yanta duka, har da firgitar kwanakin farko bayan bala'i da ta fagen yaƙi. Ni uwar zan ɗauka. Amma kada ki dogara da kanu kaɗai, domin akwai maƙalu a PubMed da ba a liƙa musu kanu ba, ko don sababbi ne ko don mujallarsu ba ta cikin waɗanda ake yi wa hakan, kuma mujallun Afirka da dama na cikin wannan rukuni. Saboda haka ki ƙara kalmomin da marubuta ke amfani da su a take da tsakure. Nan ne rubutu ke yaudara: wani na rubuta "posttraumatic" a haɗe, wani "post-traumatic" da karan ɗori, wani "post traumatic" a rabe, wani kuma PTSD kawai. Ki sa dukkansu, ki ƙara "traumatic stress" da "psychological trauma". Tun da kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, ya fara aiki a 2022 da sabon rukuni na "complex PTSD", ki sa shi ma tare da gajeren sunansa CPTSD. Sannan ga dabarar da ɗalibai kan manta: maƙalu da yawa takensu "mental health" ne ko "psychological distress", PTSD na can ciki a matsayin ɗaya daga abubuwan da aka auna. Irin waɗannan ana kama su ne da sunayen ma'aunai, irin su Harvard Trauma Questionnaire, da PTSD Checklist mai gajeren suna PCL, da Impact of Event Scale. Tsofaffin sunaye irin su "shell shock" na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya ba ki buƙatarsu. Sunan PTSD ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 1980, rikicin da kike nazari kuma a 2009 ya ɓarke, don haka kina da hujjar fara lissafi daga 2009. Ki dai rubuta hujjar a kundin.

A kashin mutane, ke kika fi ni sani. Ki duba kanun "Refugees" a MeSH ki ga kalmomin da aka jera a ƙarƙashinsa, sannan ki ƙara "displaced", "internally displaced", IDP da IDPs, "returnees", "camp", "insurgency", "armed conflict", "Boko Haram". Alamar tauraro a ƙarshen tushen kalma na kama duk rassanta, don haka abduct* zai kawo miki duk inda aka yi maganar waɗanda aka sace. Kada ki manta da "host community". Kin san da yawa daga cikin waɗanda suka gudo ba su taɓa kwana a sansani ba, a gidajen dangi da kangaye suka raɓe a Maiduguri da Yola da Damaturu, kuma binciken da aka yi a kansu ba lallai ya ambaci sansani ba.

Kashin wuri na da nasa tarkon. Sunayen ƙasashe huɗun yankin, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ba su isa ba, sai kin haɗa da Borno, Yobe, Adamawa, Maiduguri, Diffa, "Far North", Minawao da "Lake Chad", domin wani marubucin sunan gari kawai yake sa wa a tsakure. Za ki ga kalmar "Niger" ta jawo miki maƙalun yankin Neja Delta, har ma da na wata funfuna mai suna Aspergillus niger. Kada wannan ya sa ki ɗauko NOT ki ce za ki share su. NOT wuƙa ce mai yanka har da naman da ake so: maƙalar da ta kwatanta Borno da Neja Delta za ta ɓace tare da sharar. In kin ɗaure kashi ukun, yawancin tarkacen zai zube da kansa, saura kuma ki cire da ido. Haka nan kada ki ƙirƙiri kashi na huɗu na kalmar "prevalence". Duk kashin da kika ƙara ƙofa ce da wata maƙala mai amfani za ta kasa wucewa.

Daga nan sai ki ɗauko mudunki. Shin maƙalun nan 10 zuwa 15 sun fito? Wadda ba ta fito ba, ki fara duba ko tana cikin PubMed ma. In tana ciki, ki buɗe ta ki ga wace kalma ta yi amfani da ita wadda ba ki sa ba, ki ƙara, ki sake gwadawa. Za ki yi wannan zagaye sau da yawa kafin ya zauna, kuma wannan maimaicin shi ne aikin. Idan a ƙarshe kika samu ɗaruruwa, kada gabanki ya faɗi. Ɗaruruwan da za a tace ta take da tsakure cikin 'yan makonni sun fi guda 15 da suka bar rabin abin da ake nema a waje.

Rumbu ɗaya ba ya isa, kuma akwai wanda aka gina don batunki kaɗai amma ɗalibanmu ba su cika saninsa ba. Sunansa PTSDpubs, da can ana kiransa PILOTS. Cibiyar PTSD ta Ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ce ke kula da shi, ba a biyan kuɗi, kuma bai tsaya ga sojoji ko Amurka ba, yana tattara rubuce-rubuce a kan firgitar bala'i daga ko'ina. Daɗinsa shi ne a can kusan ba ki buƙatar kashin ciwo, tunda rumbun duka a kan ciwon yake. Mutane da wuri sun wadatar. Sai PsycINFO na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, da Embase, da Scopus, waɗanda duk sai makaranta ta yi rajista. PsycINFO da Embase kowanne na da nasa ƙamus, na Embase ana kiransa Emtree, don haka ba a kwafo tsarin PubMed a manna. Kashi ukun na nan yadda suke, kanun ne ake nemo takwaransa a kowane gida.

A nan ne nake roƙonki ki taka da ƙafarki zuwa ɗakin karatun makarantarku, musamman na kwalejin likitanci, ki nemi wanda ke kula da sashen intanet. Ki tambaye shi waɗanne rumbuna makarantar ke da izinin shiga, da kuma ko tana da rajista da Research4Life, shirin da ya ƙunshi Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Na sha ganin makarantar da ke da lambar shiga, ɗalibai na wucewa ta bakin ƙofa kullum ba wanda ya tambaya. Ki kuma roƙe shi ya duba miki tsarin nemanki kafin ki gudanar da na ƙarshe. In aka rasa PsycINFO ko Embase, ki tambayi malaminki ko yana da abokin aiki a wata jami'a da zai gudanar muku da tsarin ya turo sakamakon. In hakan ma bai samu ba, ki rubuta a sashen iyakokin bincike cewa ba ki samu shiga ba. Mai jarrabawa na karɓar gibin da aka bayyana.

Abin da zai sa aikinki ya fi na wanda ke zaune a Turai shi ne na gida. Mujallun Nijeriya da yawa ba sa cikin manyan rumbunan nan, amma suna African Journals Online, wanda aka fi sani da AJOL, da African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka. Akwatin nemansu ba ya jure dogon tsari, sai ki riƙa sa kalmomi biyu ko uku, kina rubuta kowane gwaji. Tunda kin ce Tafkin Chadi, kin ɗauko Nijar da Chadi da Kamaru, inda ake rubutu da Faransanci. Ki nemi "stress post-traumatique", da gajerun sunayensa ESPT da TSPT, da "déplacés" da "réfugiés". In babu mai taya ki karanta Faransanci, gara ki taƙaita taken kundin zuwa Arewa maso Gabashin Nijeriya, da ki ce yankin duka alhali ɓangare ɗaya kika leƙa. Ki ƙara da kundayen digiri na jami'o'i, da rahotannin ƙungiyoyin agaji irin su IOM da UNHCR da MSF, waɗanda ake samun da yawansu a shafin ReliefWeb. Google Scholar kuwa ba a hana ki shi ba, matsayinsa ne na cike gibi: ba ya nuna fiye da sakamako 1,000, kuma abin da ya ba ki yau ba lallai ya ba wani gobe ba. Ki ƙayyade tun farko cewa na farko 200 za ki duba, ki rubuta hakan. Inda ya fi amfani shi ne bin sawu: kowace maƙala da ta tsallake tacewa, ki duba manazartarta, ki kuma duba waɗanda suka ambace ta daga baya.

Duk wannan ba zai amfane ki ba in ba ki rubuta ba. Ki sayi littafi guda, ko ki buɗe takarda a kwamfuta, duk lokacin da kika yi nema ki sa kwanan wata, sunan rumbu, tsarin kalmomin harafi da harafi, da adadin da ya fito. PubMed na goge tarihinki in kika bar shi awa 8 ba ki taɓa ba, don haka ki sauke tarihin kafin ki tashi, ko ki buɗe asusun My NCBI ki adana. Da yanayin wutarmu, kada ki ce sai an jima. Ki zuba duk sakamakon a Zotero, manhajar adana maƙalu wadda kyauta ce, ki cire masu maimaici, ki rubuta nawa kika cire. Sai ki kai saura manhajar Rayyan don tacewa, ke da wata abokiyar karatu kowa ta yi nata ba tare da ganin na ɗayar ba, inda kuka saɓa ku zauna ku daidaita. Ke ma sai ki taya ta nata. Zanen PRISMA da ke ba ki tsoro waɗannan lambobin ne kawai a cikin akwatuna. Kafin ki fara, ki leƙa PROSPERO na Jami'ar York, inda ake rajistar bita mai tsari, ki ga ko wani ya riga ya yi rajistar irin aikinki, ki kuma ji ra'ayin malaminki a kan rajistar naki.

Maganar mai haɗawa don kuɗi, na san ta yi miki daɗi a kunne, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abokin naki wataƙila tausayi ne ya sa shi. Amma ki tuna tambayoyin da suka kunyata ki: ranar kare kundi za a sake yin su, kuma mai jarrabawa na iya kwafe tsarin da ke cikin kundinki ya manna a PubMed a gabanki. In lambobin ƙirƙira ne, a nan take za a gani, kuma abin da zai biyo baya ya fi kunyar taron sashe nesa ba kusa ba. Ko da mutumin ya yi aikin gaskiya, ke ba za ki iya kare abin da ba ki san yadda aka gina shi ba. In kina da kuɗin, ki biya wanda zai zauna ya koya miki, hannunki a kan kwamfutar, ki kuma ambace shi a shafin godiya. Haka manhajojin AI: suna taimakawa wajen tuno kalmomi masu kama da juna, amma suna ƙirƙiro kanun MeSH da maƙalun da babu su, don haka duk abin da suka ba ki sai kin tabbatar da shi a rumbun.

Yanzu maigidanki. Ƙanwata, mutumin nan ba karatunki yake ƙi ba. Shi ke kwana kusa da ke, shi ke ganin zaburar da ke kanki ba ki san iyakarta ba, kuma maganin da ya hango kawai ya faɗa. Ki gode masa da bakinki. Abin da ke damunki sananne ne: masu aiki da labaran waɗanda bala'i ya shafa kan kwashi wani abu daga ciki ko da ba su taɓa gani da ido ba, balle ke da kika taka hanyar da ƙafarki kina yarinya. Ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba. Ina so ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam a cikin makonni biyun nan, ba sai kin gama kundi ba. Asibitocin koyarwa na da wannan sashe, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware. Ke da kike karanta fannin kin san ana jin sauƙi da magani na tattaunawa mai fuskantar abin da ya faru, irin su CBT da EMDR, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Ki riƙe azkar ɗinki da addu'a, ki haɗa da asibiti, ba sa karo da juna. In maigidan zai raka ki zuwan farko, ya fi. In kuma wata rana kika ji tunanin cutar da kanki ya ɗarsu, ranar za ki gaya masa ku tafi, ba a kwana da wannan.

Ga inda zancen biyu suka haɗu. Tambayar kundinki ta adadi ce: mutum nawa cikin nawa. Maƙalun da ke ɗauke da labaran matan sansani da bakinsu, waɗanda suka hana ki barci, yawancinsu na hira ne, ba su ƙunshi wannan adadi ba, kuma ƙa'idojin zaɓenki za su fitar da su tun daga tsakure. Tsince-tsincen ne ya riƙa jan ki zuwa gare su, domin a Google Scholar zuciya ce ke zaɓe, zuciyarki kuma tana zuwa inda ta ji muryar gida. Da tsari a hannu, abin da za ki karanta shi ne sashen hanyar bincike da jadawalin sakamako: ina aka yi, mutum nawa, wane ma'auni, wane adadi. Ki tsara fom ɗin cire bayanai tun kafin ki buɗe cikakkiyar maƙala, ki karanta abin da fom ɗin ya tambaya ki rufe. Ki yi aikin da hantsi, a ɗakin karatu ko wani wuri mai mutane, kada ki yi shi a ɗakin kwana, kuma bayan isha'i kada ki buɗe komai. Wadda kika ji ta yi miki nauyi, ki miƙa wa abokiyar tacewarki. Labaran nan suna da daraja, kuma wataƙila wata rana ki koma gare su da ƙarfinki, amma ba wannan kundin ne ya wajabta miki su ba.

Ban ce lallai ki riƙe batun ba. Ki yi yarjejeniya da maigidanki: mako 6 kina aiki da wannan sabon tsari kina kuma ganin likita. In barci ya fara dawowa, ki ci gaba. Wata 5 sun isa, in kika ba gina tsari mako 2, gudanarwa mako 1, tacewa wata 1, saura ki bar wa cire bayanai da rubutu. In abin bai lafa ba, akwai mafita fiye da ɗaya. Kina iya matsawa gefe a cikin fannin, ki yi bita a kan hanyoyin jinyar da aka gwada a Afirka ta Yamma, inda abin karantawar labarin samun sauƙi ne. Kina iya neman ƙarin zango bisa dalilin lafiya, da takardar likita. Kina kuma iya sauya batun gaba ɗaya, sana'ar neman da kika koya za ta bi ki duk inda kika je. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin kin juya wa mutanenku baya.

Game da malaminki, kada ki bari wani mako ya sake wucewa kina kauce masa, don shiru na sa kowane ɓangare ya zargi ɗayan. Ki shirya shafi ɗaya tak: tambayar binciken a sama, kashi ukun da kalmominsu, jerin rumbunan da kike da niyyar shiga, da sakamakon gwajin farko a PubMed tare da kwanan wata da adadi, da yawan maƙalun mudunki da suka fito. Ki same shi a ofis, ki gaishe shi, ki ce: Malam, na gane abin da ka nuna mini, ga yadda na sake tsarawa, ina so ka duba kafin in gudanar. Ba dole ki ba shi labarin 2014 ba. In kin ga mutum ne da zai riƙe amana, jimla ɗaya ta isa, cewa batun ya shafe ki kuma kina ganin likita, don ya san dalili in wata rana kika nemi sassauci. Ki tafi da kwafi biyu da jan biro, ɗaya nasa ɗaya naki, duk gyaran da ya faɗa ki rubuta a gabansa, sannan kafin ki fito ki roƙe shi ya sa muku ranar zama na gaba.